Watandar baunar Amurka: wa ya taɓa zuwa, kuma yaya aka yi da naman?

Baban Sadiƙ, Minesota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka sani. Mu biyar ne magidanta a nan Minneapolis, mun saba haɗa kuɗi mu yi watandar sa a wata gona da ke bayan gari. Bana ɗaya daga cikinmu ya ce mu gwada baunar ƙasar nan. Akwai wani gandun kiwo a Dakota ta Kudu da ake biya, su haɗa ka da jagora, ya kai ka inda garken yake, ka harbi wadda ya nuna maka, naman duka naka ne. Sun ce mace mai shekara biyu zuwa uku dala 3,200, bijimi kuwa ya ninka haka har da ɗoriya. Abu uku ke damuna. Ya halatta? Nama nawa za mu samu? Sannan yaya za a kawo shi gida, tafiyar wuni guda a mota, bai lalace ba?

Direban Omaha

Wa alaikumus salam Baban Sadiƙ. Na je irin wannan a Nebraska da abokan aiki, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Harbin ba shi ne aikin ba. Da sassafe jagora ya ɗauke mu a motar a-kori-kura, muka yi ta kewaya tuddai har muka hango su, muka sauka muka ƙarasa a ƙafa ta inda iska ba za ta kai musu warinmu ba. Ya nuna wadda za a harba, aka jira ta ware daga cikin sauran, harbi ɗaya ta tafi kaɗan ta faɗi. Kafin hantsi an gama wannan. Amma sai bayan isha'i muka wanke hannu.

Da ta faɗi, sauran ba su gudu ba. Zagaye ta suka yi suna shinshina, wasu sun ɗaga wutsiya sama. Jagoran ya ce duk wadda ta ɗaga wutsiya haka kada a matsa kusa, sai da ya kawo mota ya kore su. Dabba ce da ke gudun kilomita 55 a awa, ga ƙaho, don haka maganar jagora ita ce doka a wurin.

Kada tozon ya ruɗe ka wajen saiti. Zuciya da huhu suna ƙasa sosai, bayan ƙafar gaba. Wanda ya saba da barewa yakan harba sama, harsashi ya shige cikin tozo, dabba ta tafi da rauni.

Ɗan Rundawa

Baban Sadiƙ, ni a gidan fawa aka haife ni a Sakkwato, yanzu kuma ina aiki a mayankar shanu a Kansas. Ka fara lissafinka daga firiza ka dawo baya, kada ka fara daga bindiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Macen da ka ambata za ta kai kilo 400 a tsaye, ko ƙasa kaɗan. In an feɗe, an cire kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da za a rataye bai fi kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari ba, ka ce kilo 230. In aka zare ƙashi ya zama tsoka zalla, sai ya dawo wajen kilo 160. Amma mu ba ma zubar da ƙashi, ba ma barin kai da ƙauri da bindi da tumbi, don haka ku shirya wa kilo 200 zuwa sama. Wannan sai firiza mai cin lita 350, ko kowane gida ya kwashe abin da ke cikin tasa tun kafin ku tashi. Babban bijimi kuwa yana kai kilo 900. Ku biyar ba ku da inda za ku sa shi, kuma naman tsohon bijimi tauri ne da shi, yawancinsa sai dai a niƙa.

Abin da ya fi kashe naman bauna shi ne zafin jikinta. Gashin nan nata da ƙirginta mai kauri an halicce su ne don sanyin Dakota, sanyi ba ya shiga, zafi ba ya fita. Mutum zai ga ƙanƙara ta rufe ƙasa ya ce ai duniyar ma firij ce, ya bar ta kwance da fatarta. Kafin gari ya waye naman da ke manne da ƙashin cinya da na wuya da ƙarƙashin tozo ya yi tsami, ka yanka ka ga ya yi kore-kore, warin kuma ba ya ɓuya. Daga ƙashi yake farawa ya fito waje. Don haka da ta faɗi a farke ciki a fitar da kayan ciki, a feɗe a take, a raba ta huɗu ko fiye, a tsaga cinya har ƙashi iska ta shiga, a rataye. Ana son naman ya sauko ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Celsius cikin wuni guda.

Ku tafi da wuƙaƙe da yawa da dutsen wasawa. Bauna birgima take yi a turɓaya, gashinta cike yake da yashi, wuƙa ba ta jimawa take dakushewa. Ka soka ka yanko fatar daga ciki zuwa waje, kaifi na kallon sama, gashi ba zai zuba kan nama ba.

Maman Hanifa

Ɗan Rundawa, Allah ya saka da alheri. Ni matar ɗaya daga cikin biyar ɗin ce, kuma na san inda aikin zai sauka. Maza za su dawo da kuloli su ajiye a kicin su ce sun gaji. Tambayata, tozon nata irin na shanunmu ne? In haka ne a ware mana shi.

Ɗan Rundawa

A'a Hajiya, ba ɗaya ba ne. Tozon sanmu na gida kitse ne da tsoka, ba ƙashi a ciki. Na bauna tsoka ce zalla da ta ɗafe kan dogayen ƙasusuwan baya, da ita take kaɗa kai ta share ƙanƙara ta samu ciyawa. Yana da daɗi ƙwarai amma sai an dafa shi a hankali, wuta kaɗan, lokaci mai tsawo. Naman gaba ɗaya ba shi da kitse a cikin tsoka, ja ne wur har ya yi duhu. In kika gasa shi yadda kike gasa na sa, zai bushe ya yi tauri. A tsire ki ƙara mai, ki sauke da wuri. Wanda za a niƙa a haɗa da ɗan kitsen sa na halal.

Malam na Columbus

Bismillah. A kan tambaya ta farko. Naman bauna halal ne, ba saɓani. Maganar tana kan yadda ranta ya fita.

Dabbar dawa da ba a iya kamawa, harbi shi ne yankanta, da sharaɗin maharbi ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin sakin harbin, kuma makamin ya huda ya zubar da jini. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da gefensa: na farko a ci, na biyu kada a ci. Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da aka harba da harsashi saboda yana hudawa. In an iske ta da sauran rai kuma harbin bai kai makasa ba, wajibi ne a yanka. In aka yi sakaci har ta mutu alhali ana iya yankawa, ba a ci.

Wurare biyu nake so ku kula. Na ɗaya, girman filin. In dabbar tana cikin ɗan shinge ne, ta saba da mutane, ana iya kai ta cikin maƙalin ƙarfe a riƙe ta, to hukuncinta ya koma na dabbar gida, yanka ake yi. Kuma a mazhabarmu, irin wannan in aka fasa mata ƙwaƙwalwa da harsashi, yankan da ya biyo baya ba ya halatta ta. Na ji wasu gandayen suna son harbin bayan kunne don kada nama ya ɓaci, to ku tambaya tun yanzu. In kuwa fili ne mai dubban eka, suna yawo suna gudun mutum, wannan farauta ce.

Na biyu, jagoran. Sau da yawa yana riƙe da tasa bindigar don ya ƙarasa dabba in ta ji rauni. A mashahurin zancen Malikiyya, abin da wanda ba Musulmi ba ya kashe ta hanyar farauta ba a cinsa, ko da ma'abocin littafi ne, duk da wasu mazhabobin sun halatta. Ku yi yarjejeniya da shi cewa harbi na biyu ma naku ne, sai fa in rai na cikin haɗari. Sannan ku kai wa limaminku bayanin wurin dalla-dalla kafin ku biya kafin alƙalami. Wallahu a'alam.

Habu Injiniya

Ni ban yarda da tafiyar nan ba, kuma zan faɗi dalilina. Dabbar da aka kewaye da waya, aka sa mata farashi, aka kai ka a mota aka nuna maka ita, wannan ba farauta ba ce. In nama kuke so ku saya a yanka muku.

Kuma ku san tarihin abin da za ku ɗora wa bindiga. Kafin Turawa su mamaye filayen nan, ana ƙiyasin bauna miliyan 30 zuwa 60. Daga shekarun 1870 aka yi ta karkashe su don fata, ana feɗewa a bar naman ya ruɓe a fili, wani lokaci harshe kawai ake yankewa. Jirgin ƙasa ya kwashe fatun zuwa masana'antu, daga baya ya dawo ya kwashe ƙasusuwan aka yi taki. Manyan sojoji sun ga ƙarewar bauna ita ce hanyar durƙusar da ƙabilun 'yan asalin ƙasar irin su Lakota da Cheyenne da Comanche, domin ita ce abincinsu da suturarsu da tantinsu. Zuwa 1889 abin da ya rage bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. A gandun dajin Yellowstone, a 1902, ashirin da 'yan kai aka ƙirga. Ni zuciyata ba ta kwanta da in biya kuɗi in ɗauki hoto a kan gawarta ba.

Direban Omaha

Injiniya, tarihin da ka kawo gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma yau akwai bauna tsakanin dubu 400 zuwa dubu 500 a Amurka da Kanada, kuma mafi yawansu a hannun masu kiwo suke, saboda akwai masu sayen naman. Fili yana da iyakar abin da zai ciyar. Ko gandun dajin Custer State Park da ke Dakota ta Kudu, mai garke wajen 1,300, duk ƙarshen Satumba sai sun tattaro su, su yi gwanjon wasu a Nuwamba, su kuma ba da 'yan lasisin farauta ta hanyar ƙuri'a. Sannan ka dubi dabbar kanta. Wadda aka harba tana kiwo a inda aka haife ta, da wadda aka tura cikin tirela aka yi tafiyar awanni da ita zuwa mayanka tana dukan ƙarfe da kai, wacce ta fi shan wahala? Ni tirela nake ja, na ga yadda suke isa. Maganar hoto kuwa ina tare da kai. Mu ba mu ɗauka ba.

Habu Injiniya

To kada a kira shi farauta. A ce an je sayen nama a fili.

Zainabu Likitar Dabbobi

Kawu Habu, akwai farauta ta gaske, sai dai samunta ne wuya. A Yuta akwai garken da ke yawo ba shinge a tsaunukan Henry, lasisinsa sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Akwai na Delta Junction a Alaska, akwai na bakin Yellowstone ta wajen Gardiner a Montana, daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Fabrairu. Duk ƙuri'a ce, mutum na iya shekara da shekaru yana nema. A 2021 da hukumar gandun dajin Grand Canyon ta nemi mutum 12 su taya ta rage garke, sama da mutum 45,000 suka nema. A irin waɗannan wuraren ba tarakta, ba ƙugiyar ɗagawa. Sau da yawa a baya ko a kan doki ake fito da naman, kuma barin nama ya lalace a daji laifi ne da doka ke hukuntawa.

In damuwar ita ce haƙƙin 'yan asalin ƙasar, akwai hanya. Ƙabilun Assiniboine da Sioux na Fort Peck a Montana, waɗanda suka karɓi bauna kimanin 60 daga Yellowstone a 2012, suna da wani garke daban na kasuwanci da suke sayar da farautarsa, kuɗin ya koma kula da dabbobin. Wasu ƙabilun Lakota a Dakota ta Kudu ma suna yi. Baban Sadiƙ, ku bincika ofisoshin namun dajinsu kafin ku yanke shawara.

Ta fannin lafiya abu biyu. Baunar Yellowstone na ɗauke da ciwon ɓarin nan na shanu da Fulani ke kira bakkale, kuma yana kama mutum. Garkunan kiwo ana gwada su, amma duk da haka ku sa safar hannu wajen fiɗa, kada a fasa mahaifa ko hantsa, mace mai ciki kada ta taɓa ɗanyen kayan ciki. Dafuwa tana kashe ƙwayar. Na biyu harsashi. A 2008 an gano ɓarɓashin dalma a naman barewar da aka ba da sadaka a Minesota da Dakota ta Arewa, har aka janye shi, kuma gwajin hukumar namun dajin Minesota ya nuna ɓarɓashin na watsuwa nesa da inda harsashi ya bi. Gidajenku akwai yara. Ku sayi harsashin jan ƙarfe, ya ɗan fi tsada amma ba ya farfashewa haka.

Ɗalibi a Fargo

Baba, ni a bizar karatu nake, zan iya binku?

Direban Omaha

Bin su ka taya fiɗa ba matsala. Riƙe bindiga ne ke da doka: mai bizar zama na ɗan lokaci an hana shi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha, kuma yawancin jihohi sai ka yi kwas ɗin koyon farauta kafin su ba ka. Kada ka taɓa ta sai ka tambayi lauya ko ofishin ɗalibai na makarantarku.

Alhaji Mai Lissafi

Na buga lissafin. Dala 3,200, a ƙara ladan mahauci in za a kai masa, man mota biyu, masauki, ƙanƙara, ledoji, da ɗan ihsanin jagora, ba za ku tsira ƙasa da 4,200 ba. A raba da kilo 160, kowane kilo ya haura dala 26. Sanku na watanda bai kai haka ba. Ribar tana wajen tantaƙwashi da sauran yankan da ke tsada a kanti, da kai da ƙafa da kayan ciki da kuke samu kyauta. Kuma kada wani ya ce zai sayar da rabonsa ya mai da kuɗi. Naman dabbar dajin da aka farauto haramun ne sayar da shi a dokar ƙasar nan, wanda mahauci ya gyara wa mai shi kuma ana buga masa hatimin ba na sayarwa ba. Kyauta da sadaka ne kawai.

Maman Hanifa

To ni ga tsarina, matan sauran gidajen su gyara min. Kada a kai wa mahaucin can ya yanka mana irin yankan Turawa, kuma ba mu san me ya niƙa a injinsa kafin namu ba. A bar shi a ɗakin sanyin gandun kwana ɗaya ko biyu ya huce sarai, a kawo shi a manyan gaɓoɓi cikin jakar yadi, ƙanƙara a ƙasa da sama, a buɗe magudanar kula ruwa na fita, don nama ba ya son kwana cikin ruwa. Ɗumi-ɗumi kada a rufe shi a leda ko kaɗan.

Hanta da zuciya da ƙoda a ci su a kwanakin farko. Tumbi da hanji a wanke su tun a can, ba zan karɓi tumbin bauna da kashinsa a gidan haya ba. Ranar Asabar mu haɗu a gareji ɗaya, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kowace ƙulla kilo ɗaya, a zuƙe iskar da injin leda, a rubuta suna da kwanan wata. Wanda aka zuƙe haka yana shekara lafiya. Kada a jibge duka a firiza ɗaya dare ɗaya, na tsakiya ba zai daskare da wuri ba, a shimfiɗa su a rarrabe.

Cinya ɗaya kuwa tawa ce, kilishi zan yi. Naman da ba kitse ai shi kilishi ke nema. Rana ce babu a Disamba, amma na saba yi a oven, wuta can ƙasa, ƙofa a ɗan buɗe, in ya bushe in tsoma a labu in mayar. Sauran guntattakin kuma dambu.

Zainabu Likitar Dabbobi

Anti, ki tabbatar zafin ya ratsa naman ya kai digiri 71 na Celsius, shanya kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Dambun da kika ambata ya tuna min abin da mutanen filayen nan suke yi tun da can. Mata su yanyana naman falle-falle su shanya, su daka, su narka kitse da ɓargo su kwaɓa, wani lokaci da busassun 'ya'yan itace, su ɗura a jakar fatar baunar, kowace jaka wajen kilo 40. Shi ne pemmican, yana shekaru bai lalace ba. Fataken fatu na Kanada da shi suka rayu.

Baban Sadiƙ, Minesota

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira gandun. Filin ya fi eka dubu takwas, suna da tarakta da ɗakin sanyi, kuma jagoran ya yarda harbi na biyu namu ne, ya yarda a yanka da zarar ya ce an iya matsawa. Zan kai wa liman bayanin ranar Juma'a, zan kuma kira ofishin ƙabilun kamar yadda Zainabu ta ce kafin mu biya. Mun yanke kashi shida za a yi, na shidan na ɗalibai ne da gidajen da ba su da hali a masallacinmu. Injiniya, ko ba ka zo ba za a kawo maka.

Saura fatar. Ɗan Rundawa, a yi ganda da ita ko a jeme?

Ɗan Rundawa

Ta Disamba gashinta ya cika, asara ce a babbake. A jeme, shimfiɗa ce ta shekaru. A ranar ku kankare sauran nama da kitsen da ke jikinta, ku baje ta gashi a ƙasa, ku zuba gishiri mai laushi ba ƙyashi, buhu guda na kilo 20 ba zai yi yawa ba, ku cusa shi har gefe-gefe. Washegari ku kakkaɓe jiƙaƙƙen ku sake sabo. Ɗanyarta nauyi ne da ita, mutum biyu za su ɗaga. Ku nemi majemi tun yanzu, don layinsu kan kai watanni. In ganda kuke marmari, fatar kai da ta ƙauri ta ishe ku.